Tambayoyi da Amsoshi Kan Zuba Dalar da Babban Banki Ke Yi a Kasuwar Canji: Yaushe Yake Tasiri, Yaushe Yake Zama Asara?

Duk lokacin da farashin dala ya yi tsalle, tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce: ina Babban Banki yake, kuma me ya hana shi fito da dala ya karya farashin? Tambayar tana da tushe, domin mutane sun sha gani da idonsu bankin ya saki dala da safe, kafin la'asar 'yan canji sun sauke farashi. Sun kuma sha ganin farashin ya koma inda yake bayan 'yan makonni, wani lokaci har ya zarce. A nan an tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, kuma mafi yawan misalan daga Najeriya suke, tare da na wasu ƙasashen da suka taɓa shiga irin wannan hali.

Me ake nufi idan aka ce babban banki ya tsoma baki a kasuwar canji?

Ana nufin bankin ya shiga kasuwa da kansa a matsayin mai saye ko mai sayarwa, da niyyar ya juya farashin kuɗin ƙasarsa. Idan naira tana faɗuwa, Babban Bankin Najeriya yakan ɗebo dala daga asusun ajiyar ƙasa na kuɗaɗen waje ya sayar wa bankunan kasuwanci, wani lokaci har da 'yan canji masu lasisi, ya karɓi naira a madadinta. Dala ta ƙaru a kasuwa ke nan, naira kuma ta ragu a hannun jama'a, don haka ake sa ran farashin dala zai sauko. Idan kuma kuɗin ƙasa ne yake tashi fiye da yadda ake so, sai bankin ya yi akasin haka, ya sayi kuɗin waje ya saki nasa.

Akwai wasu hanyoyin da ba sa buƙatar fitar da ko sisi, kamar gwamnan banki ya fito ya yi gargaɗi ga masu ɓoye dala, ko a kafa doka a kan wanda zai sami dala da wanda ba zai samu ba. Najeriya ta gwada kowace daga cikinsu, sau da yawa ma a lokaci guda.

Daga ina bankin yake samun dalar da yake sayarwa?

Babban Bankin Najeriya ba ya buga dala, kuma a nan ne iyakar ƙarfinsa take. Abin da yake da shi yana fitowa ne daga kuɗin ɗanyen mai da iskar gas, da bashin da gwamnati ta ciyo da kuɗin waje, da dalar da yake saya a kasuwa idan masu zuba jari suka shigo da ita. A watan Satumba na 2008, lokacin da gangar mai take da tsada, ajiyar ta kai kusan dala biliyan 62. A watan Oktoba na 2016 ta sauko kusan dala biliyan 24. Rumbu ne da yake cika da kaka ya ragu da bazara, kuma abin takaicin shi ne lokacin da naira ta fi buƙatar agaji, wato lokacin da farashin mai ya faɗi, shi ne lokacin da hatsi ya daina shiga rumbun.

To, a taƙaice, zuba dalar yana aiki ko ba ya aiki?

Yana aiki idan abin da ake nema shi ne a kwantar da kasuwar da ta firgita na kwanaki ko makonni. Ba ya ɗorewa idan abin da ake nema shi ne a riƙe farashin da tattalin arzikin ƙasa ba zai iya ɗauka ba. Kusan duk gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga haɗa waɗannan buƙatu biyu wuri guda.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake da kwantena a hanya daga Sin, kuma dole ya biya sauran kuɗin kaya cikin mako guda. Ya kira mutuminsa a kasuwar canji ta Wapa da hantsi, an faɗa masa farashi. Ya sake kira bayan azahar, an ƙara naira talatin a kan kowace dala, kuma mai dalar yana cewa shi ma ba lalle ya sayar yau ba, gara ya ga yadda gobe za ta kasance. A irin wannan rana babu abin da ya canza a rijiyoyin mai ko a tashar jiragen ruwa. Tsoro ne kawai ya sa masu dala suka kulle akwatunansu, masu buƙata kuma suka ruga su sayi ta wata uku a rana ɗaya. Idan Babban Banki ya fito da dala mai kauri a wannan gaɓa, wanda ya ɓoye sai ya fara tsoron kada farashi ya karye a hannunsa, ya fito da tasa, kuma wannan dalar da aka fito da ita daga akwatuna takan fi wadda bankin ya zuba yawa. Nan ne tsoma baki yake da amfani na gaskiya.

Amma idan dalilin faɗuwar nairar shi ne kuɗin mai sun ragu da rabi, ko hauhawar farashi a gida ta ninka ta Amurka sau da yawa shekara bayan shekara, to dalar da aka zuba za ta ƙare, dalilin kuma yana nan daram. A ra'ayin mai wannan rubutu, amfanin tsoma baki shi ne ya ba gwamnati sararin numfashi ta gyara abin da ya lalace, kuma darajarsa tana ga abin da aka yi da wannan sarari.

Me ya sa ake cewa hana kuɗi faɗuwa ya fi hana shi tashi wuya?

Domin bankin da yake so ya hana kuɗinsa tashi, kuɗin kansa yake sayarwa, kuma yana iya ƙirƙirarsu ba iyaka. Wanda yake so ya hana nasa faɗuwa kuwa kuɗin wasu yake kashewa, kuma kowa a kasuwa yana lissafa masa abin da ya rage.

Ingila ta ɗanɗana wannan ranar Laraba 16 ga Satumba 1992. Fam yana ɗaure da mak na Jamus a ƙarƙashin tsarin canji na ƙasashen Turai, masu hada-hadar kuɗi kuma sun gamsu cewa tattalin arzikin Birtaniya ba zai jure wannan farashi ba. Bankin Ingila ya yi ta sayen fam da ajiyarsa, gwamnati ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a ranar, ta kuma yi shelar za ta kai shi 15, amma kafin dare ta janye fam daga tsarin baki ɗaya. Daga baya Baitulmalin Birtaniya ya ƙiyasta asarar a kan fam biliyan 3.3, yayin da asusun zuba jari na attajirin Amurka George Soros shi kaɗai ya ci ribar kusan dala biliyan 1. Haka Tailan ta ƙarar da mafi yawan ajiyarta wajen kare kuɗinta, sannan ta sake shi ranar 2 ga Yuli 1997, abin da ya buɗe ƙofar rikicin kuɗi na ƙasashen Asiya.

Ko a ɗaya ɓangaren ma ba a cika wanyewa lafiya ba. Babban bankin Suwizalan ya yi alƙawari a watan Satumba na 2011 cewa ba zai bari yuro ya sauka ƙasa da faran 1.20 ba, ya kuma cika alƙawarin fiye da shekara uku ta hanyar sayen yuro ba ƙaƙƙautawa. Da tarin yuron ya yi masa nauyi, sai ya saki ranar 15 ga Janairu 2015 ba tare da gargaɗi ba, faran ya yi tashin gwauron zabo cikin mintuna, wasu kamfanonin dillancin canji suka durƙushe.

Ƙasashe masu arziki fa, ai su suna da abin da za su zuba?

Suna da shi, amma kasuwar ta fi kowa girma. Ƙididdigar da bankin BIS na birnin Basel, wanda yake haɗa manyan bankunan ƙasashe, ya yi a 2022 ta nuna ana hada-hadar kusan dala tiriliyan 7.5 a kowace rana a kasuwannin canji na duniya. Jafan, wadda ajiyarta ta haura dala tiriliyan 1, ta kashe kusan yen tiriliyan 9.8 a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu na 2024 don ta ceto yen bayan dala ta kai yen 160. Wannan adadi ya haura dala biliyan 60, wato kusan ninki biyu na dukkan ajiyar Najeriya a lokacin. Yen ya farfaɗo na ɗan lokaci, amma kafin tsakiyar Yuli dala ta sake haura 160, domin kuɗin ruwa a Amurka ya fi na Jafan nesa ba kusa ba, kuma masu jari ba su ga dalilin barin dala ba. Sai da Bankin Jafan ya ɗaga kuɗin ruwa a ƙarshen Yuli, kasuwa kuma ta fara hango Amurka za ta rage nata, sannan yen ya sami ƙarfi na sosai.

Misalin nasara da aka fi ambato shi ne yarjejeniyar otal ɗin Plaza ta Satumba 1985, inda Amurka, Jafan, Jamus ta Yamma, Faransa da Birtaniya suka haɗa hannu don su sauke darajar dala. Dala ta sauka daga kusan yen 240 zuwa ƙasa da 150 cikin shekara biyu. Sai dai ƙasashe biyar ne suka taru, kuma dalar ta riga ta fara gangarowa tun watanni kafin su zauna, don haka tura motar da take kan gangara suka yi.

Me tarihin naira tsakanin 2014 da 2017 ya nuna?

Ya nuna fuskokin al'amarin guda biyu a jere, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. A tsakiyar 2014 gangar mai tana sama da dala 100. A Janairu 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya karya darajar naira daga 155 zuwa 168 a Nuwamba 2014, ta sake sauka kusan 197 a Fabrairu 2015, sannan aka kafe a nan har tsawon wata goma sha shida. Da yake dalar ba ta isa a ba kowa a wannan farashi ba, sai aka koma rabo. A watan Yuni na 2015 aka fitar da jerin kayayyaki 41 da aka haramta wa masu shigo da su samun dalar hukuma, ciki har da shinkafa, siminti, yadudduka da tsinken sakace. Masu waɗannan kaya ba su daina shigo da su ba, kasuwar bayan fage suka koma, suka ƙara mata zafi. A watan Yuni na 2016 aka sassauta, farashin hukuma ya tashi zuwa kusan 280, daga baya ya tsaya a 305, amma a Fabrairu 2017 dala ta kai kusan naira 520 a hannun 'yan canji.

Daga nan labarin ya juya. A ƙarshen Fabrairu 2017 bankin ya fara zuba dala mako bayan mako don kuɗin makaranta, asibiti da guzurin tafiya, a Afrilu kuma ya buɗe wata kafa ta musamman ga masu zuba jari da masu fitar da kaya, inda aka bar mai saye da mai sayarwa su daidaita a tsakaninsu. Cikin 'yan watanni farashin bayan fage ya sauko kusan 365, ya kuma zauna a nan har farkon 2020. Masu goyon bayan tsoma baki suna kafa hujja da wannan, kuma suna da gaskiya zuwa wani matsayi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a daidai wannan lokaci farashin mai ya farfaɗo, fasa bututu a yankin Neja Delta ya lafa, gwamnati ta ciyo bashin dala a kasuwar duniya, masu jarin waje kuma sun dawo saboda an ba su farashin da suka yarda da shi. Bankin yana zubawa, rumbun yana cika, har ajiyar ta kai kusan dala biliyan 47 a 2018. Kayan aiki iri ɗaya ne aka yi amfani da su a 2016 da 2017. Yanayin da aka yi amfani da su a ciki ne ya bambanta.

Wa yake cin ribar farashi biyu?

Duk wanda yake da hanyar samun dala a farashin hukuma. Idan banki yana sayarwa a 197 kuma a bakin titi ana saye a sama da 300, mutum bai buƙatar shago ko masana'anta don ya yi arziki, takarda da sanayya sun ishe shi. Muhammadu Sanusi II, tsohon gwamnan Babban Banki, ya yi wannan ƙorafi a bainar jama'a a 2016 yana Sarkin Kano, inda ya nuna cewa mai faɗa a ji zai iya zama a gidansa ya tara dukiya da kiran waya kawai. Al'amarin ba sabo ba ne: a zamanin Janar Sani Abacha farashin hukuma ya tsaya a kusan naira 22, alhali a kasuwa dala tana kusan 80. Kafin a haɗe kafofin canji a watan Yuni na 2023, hukuma tana kusan 460, bayan fage kusan 750.

Talaka kuwa ba ya ganin rahusar, domin ɗan kasuwa, ko ya sami dalar hukuma ko bai samu ba, da farashin bayan fage yake sa wa kayansa kuɗi, tunda da shi zai sake sarowa.

Shin ba 'yan canji ne suke karya naira ba? Me ya sa ba za a kama su a huta ba?

An gwada, ba sau ɗaya ba. Babban Banki ya daina sayar musu da dala a Janairu 2016, ya dawo, ya sake dainawa a Yuli 2021. A Satumba na wannan shekara aka matsa wa shafin abokiFX lamba har ya daina wallafa farashin bayan fage. A Fabrairu 2024 jami'an tsaro suka kai samame wuraren canji, ciki har da Zone 4 a Abuja, aka tsare wasu manyan ma'aikatan Binance, kamfanin cinikin kuɗin kirifto, a farkon Maris kuma aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Babu shakka a cikin harkar akwai masu ɓoye dala, da masu yaɗa jita-jita, da masu wanke kuɗin haram, kuma hukuma tana da hurumin bin su. Amma ɗan canji dillali ne, ribarsa tana tsakanin farashin da ya saya da wanda ya sayar, kuma cinikinsa yana bunƙasa ne daidai gwargwadon yawan mutanen da banki ya sallama hannu rabbana. Idan aka rufe rumfarsa, cinikin yakan koma waya, haɗarin kamu kuma ya hau kan farashi.

A farkon 2024 naira ta farfaɗo sosai. Me ya jawo hakan, kuma me ya sa bai ɗore ba?

A Fabrairu 2024 dala ta kusan kai naira 1,900 a bayan fage. A tsakiyar Afrilu ta sauko kusan 1,100. Bankin, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya dawo da sayar wa 'yan canji dala, yana sauke farashin da yake ba su daga zagaye zuwa zagaye, kuma mutane da yawa sun ɗauka wannan ne ya yi aikin. Abin da kowane kamfanin canji ya samu, dala 20,000 a zagayen farko sannan 10,000, bai kai ya girgiza kasuwar ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba. Abin da ya fi nauyi shi ne ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a Fabrairu, sannan 24.75 a Maris, wanda ya jawo masu jarin waje suka shigo da dala don su sayi takardun lamunin gwamnati, tare da sanarwar bankin cewa ya biya halastattun basussukan canji da suka taru, waɗanda jimillar abin da ake bin sa ta kai kusan dala biliyan 7. Waɗanda suka ɓoye dala suka firgita suka sayar, wasunsu da asara mai yawa.

Kafin ƙarshen Mayu dala ta koma kusan 1,500. Farashin 1,100 ya wuce abin da kasuwar za ta iya riƙewa a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma masu jarin da suka shigo da dala a 1,600 sun ga riba sun fara fita.

Mene ne alaƙar kuɗin ruwa da yawan naira da wannan al'amari?

Alaƙar ita ce zuciyar maganar. Lokacin da banki ya sayar da dala, yana janye naira daga kasuwa. Idan ya bar ta a janye, naira ta yi wuyar samu, kuɗin ruwa ya tashi, tasirin kuma yakan daɗe. Idan kuwa ya mayar da nairar ta wata ƙofa, to ya warware da hagu abin da ya ɗaura da dama. Wannan ne ya faru a shekarun da Babban Banki yake ba gwamnatin tarayya bashin cike giɓi kai tsaye, wanda ya taru har naira tiriliyan 22.7 kafin Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi takardun lamuni a Mayu 2023. Sabuwar nairar da aka ƙirƙira ta wannan hanya, wani kasonta dala ya je nema.

Masana tattalin arziki suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Robert Mundell da Marcus Fleming: ƙasa ba za ta iya haɗa abu uku a lokaci guda ba, wato tsayayyen farashin canji, 'yancin shigar jari da fitarsa, da ikon sa kuɗin ruwa yadda ta ga dama. Dole ta bar ɗaya. Najeriya ta daɗe tana neman ukun, kuma abin da ta riƙa sadaukarwa a aikace shi ne fitar jari, har kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje suka maƙale a ƙasar, Emirates ya dakatar da zuwa a 2022.

Me ya sa riyal na Saudiyya da sefa ba sa motsi kamar naira?

Riyal yana kan 3.75 a dala tun 1986, domin Saudiyya tana samun dala mai yawa idan aka kwatanta da yawan jama'arta, tana da ajiya ta ɗaruruwan biliyoyin dala, kuma ta yarda kuɗin ruwanta ya bi na Amurka sau da ƙafa. Sefa da ake kashewa a Nijar tana ɗaure da yuro a kan 655.957, Faransa ce take lamunce musanyarta, babban bankin ƙasashen kuma, BCEAO da ke Dakar, ba ya ƙarƙashin gwamnati ɗaya da za ta sa shi ya buga mata kuɗi. Wannan ya sa hauhawar farashi a yankin ta saba zama ƙasa da ta Najeriya, kuma 'yan kasuwar Maraɗi da Ƙonni sun ga yadda sefarsu ta riƙa sayen naira mai yawa bayan 2023, kayan Najeriya suka yi musu araha. Kuɗin da aka biya shi ne ikon kai a harkar kuɗi, wanda shi ne abin da masu sukar sefa suke kuka da shi. Ɗaurin ma ba ya hana ranar ƙin dillanci: a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100.

Idan an ce ajiyar ƙasa ta kai dala biliyan kaza, duka za a iya kashewa?

A'a. Adadin da ake wallafawa ya haɗa da dalar da bankin ya aro ko ya riga ya yi alƙawarin bayarwa. Bankin da kansa ya bayyana cewa a ƙarshen 2023, lokacin da jimillar ajiyar take kusan dala biliyan 33, abin da ya rage bayan an cire waɗannan nauye-nauye bai kai dala biliyan 4 ba, kuma ya haura biliyan 23 a ƙarshen 2024. Manyan masu hada-hada wannan lissafi na biyu suke yi, kuma da shi suke auna ko barazanar gwamnan banki tana da haƙori.

Ba laifi ba ne a ba maniyyata da ɗalibai da marasa lafiya farashi na musamman?

Tambaya ce mai taɓa zuciya, musamman ga wanda ya ga yadda aka nemi maniyyatan 2024 su ciko kusan naira miliyan 1.9 a kan kuɗin kujera bayan sun riga sun biya. An taɓa yin rangwamen: a 2016 an ba maniyyata dala a 197 lokacin da masana'antu suke saye da tsada, abin ya jawo ce-ce-ku-ce. Matsalar ita ce rangwame ta hanyar canji tallafi ne da ba ya bayyana a kasafin kuɗi, ba a san adadinsa ba, kuma yana da sauƙin karkatarwa. Idan gwamnati ta ga wani rukuni ya cancanci taimako, ta ware naira a fili, majalisa ta gani, jama'a su yi muhawara, ya fi tsabta.

Ke nan gara Babban Banki ya janye hannunsa baki ɗaya?

Ƙasashe kaɗan ne suke yin haka, kuma Najeriya ba ta cikin waɗanda za su iya. Kasuwar canjinta ƙarama ce, kaso mai tsoka na dalar da ke shigowa ta hannun gwamnati yake biyowa, don haka idan bankin ya naɗe hannu, ciniki ɗaya babba zai iya jefa farashi sama ko ƙasa da naira ɗari. Abin da yawancin bankunan ƙasashe masu tasowa suke yi, kamar na Indiya, shi ne su sayi dala su tara lokacin wadata, su saki lokacin ruɗani, ba tare da sun yi rantsuwa a kan wani adadi ba. Tun Disamba 2024 bankunan Najeriya suna cinikin dala a tsakaninsu a kan na'ura guda da take nuna farashin kowa, wanda ya rage ɓoye-ɓoye, kuma Babban Banki yana shiga ne a matsayin mai sayarwa a farashin kasuwa.

Ta yaya ɗan kasuwa zai gane ko saukar da dala ta yi bayan tsoma baki za ta ɗore?

Babu mai iya ba shi tabbaci, amma akwai alamomin da suka fi jawabin jami'ai faɗin gaskiya. Ya duba tazarar da ke tsakanin farashin banki da na Wapa: idan ta kusan shafewa kuma wanda ya je banki da takardunsa yana samun dala cikin kwanaki, kasuwar tana tsaye da ƙafarta, idan tazarar tana faɗaɗa kuma ana ce wa mutane su jira layi, rabo aka koma. Ya duba ajiyar ƙasa, wadda bankin yake wallafawa a shafinsa: naira ta tsaya kuma ajiya tana ƙaruwa alama ce mai kyau, naira ta tsaya ajiya tana zubewa mako bayan mako kuwa yana nufin ana biyan kuɗin tsayuwar ne daga rumbu. Sannan ya sa ido a kan farashin gangar mai da yawan gangar da ake haƙowa a rana, da kuma ko kuɗin ruwan da takardun lamunin gwamnati suke biya ya kai hauhawar farashi ko bai kai ba. Wanda yake da kwantena a hanya kuma lokacin biya ya matso, ya fi masa sauƙi ya raba sayen dalarsa kashi biyu ko uku a cikin makonnin da suka rage, maimakon ya jingina jarinsa duka a kan abin da Babban Banki zai yi ranar Litinin.